Motar da Kowa Ya Sani, Ban da Takarda

A Gazawa, in ka tsayar da yaro ka nuna masa farar a-kori-kurar nan mai ƙofar baya da ake ɗaurewa da igiya, ka ce masa ta wa ce, ba zai yi dogon tunani ba. Ta Babanmu ce. Masu aya sun sani, masu wake sun sani, matan da ke kai riɗi kasuwa sun sani. Ko cikin dare aka ji tarin injinta daga nesa, sai a ce ga Malam nan ya dawo. Shekara 23 tana hannunsa. Ni da ita kusan tare muka tashi, don an saye ta a 1998, aka haife ni shekarar da ta biyo.

Baba ya rasu bayan kakar 2021, Allah ya jiƙansa. Ya bar Inna, da ni, da ƙannena biyar, da gona guda, da wannan motar. Ina shekara ta biyu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi a lokacin. Da aka yi addu'ar arba'in, dangi suka zauna suka ce kada a sayar da motar, Kawu ya riƙa janta tunda dama shi ke bin Baba kasuwanni, abin da aka samu a ci da marayu, a biya mini kuɗin ɗaki da na fotokopi. Kowa ya ce madalla. Ba wanda ya yi zancen takardu, har ni da nake taƙama da boko.

Wata uku ba a yi ba, aka tsayar da Kawu tsakanin Agye da Cadawa, ya ɗauko buhunan aya. Aka ce ya kawo takardun mota. Ya buɗe aljihun gaba ya ciro ledar nan da Baba ke naɗe su a ciki. Mai kakin ya duba kart giriz, ya duba Kawu, ya ce, "Kai ne mai wannan sunan?" Kawu ya ce a'a. "To na mai motar ne?" Kawu ya ce mai motar ya rasu, kuma shi ma ba sunansa ba ne. Mutumin ya zagaya baya ya kalli lamba, tsohuwar nan mai farawa da 4 ta jihar Maraɗi, alhali tun ƴan shekarun baya an fito da sabuwa an ce kowa ya sake. Bai karɓi ko dala ba, bai kuma yi faɗa ba. Cewa ya yi yau ya bar shi albarkacin mamaci, amma in ya sake ganinta haka, sai dai a je a same ta a furiyar.

Daren nan Kawu ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, ashe fuskar ubanka ce takardar motar nan. Ga shi mun binne ta."

Ga yadda abin yake. Motar Peugeot 504 ce, wadda muke ce wa Fijo, ƙirar Kaduna. Masana'antar can ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma daga can ne yawancin Fijon da suka yi zamani a yankinmu suka fito, ta Katsina, ta Jibiya, su shigo ta Ɗan Isa. Wani Alhaji ɗan kasuwa na Gidan Rumji ne ya shigo da tamu, ya biya duwan, aka yi masa kart giriz da sunansa. Bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994, ƙarfinta ya rabu biyu, sabuwar mota ta ƙara yi wa talaka nisa, sai kowa ya koma neman ta hannu. Baba ya yi shekaru yana tara kuɗin gyaɗa, ya je ya sami Alhajin. Aka yi ciniki a zaure gaban shaidu biyu, aka ƙirga kuɗi, aka shafa fatiha, aka miƙa masa makulli da ledar takardu. Shi ke nan. Baba ya ci gaba da biyan asiransi da binyat da sunan Alhaji shekara da shekaru, bai ga wani aibu a ciki ba. In an yi masa maganar ya sauya suna, sai ya ce, "Alhaji ai ba zai ce tasa ce ba."

Gaskiyarsa, Alhaji bai taɓa cewa tasa ce ba. Sai dai Alhaji ya riga Baba rasuwa da shekaru. Shaidun nan biyu ma duk sun kwanta dama.

Na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, aikin kwana biyu ne. Ina jin faransanci, na san yadda ake rubuta takardar roƙo, na san a ce "mushe" a kuma ce "don Allah". Na sa farar rigata na tafi biron farko a Maraɗi. Na zauna kan benci tun ƙarfe takwas har kusan azahar. Da layi ya zo kaina, mutumin da ke bayan tebur ya saurare ni rabi, ya ce in kawo takardar sayarwa mai sa hannun mai motar da hatimin hukuma. Na ce mai motar ya rasu. Ya ce to magadansa su sa hannu. Na ce wanda ya saya ma ya rasu. Sai a nan ya ɗago kai ya dube ni sosai, ya ce, "Wato matacce ya sayar wa matacce, kai kuma kana so in rubuta wa rayayye." Waɗanda ke bayana suka yi dariya. Ni ma na yi, don ban san abin da ke gabana ba.

Ya ce in fara da namu ɓangaren: takardar rasuwar Baba, da takardar zaman dangi wadda ke nuna su wa ne magada da wanda suka wakilta. Ya kira na gaba.

Takardar rasuwa ba mu da ita. A gida Baba ya cika, da asuba, kafin hantsi an kai shi. Wa zai tuna da biro ranar nan? Da na je nema, aka ce wa'adin sanarwa ya wuce, yanzu sai alƙali ya yi hukunci da shaidu. Ku da kuka fito daga wajenmu kun san har zuwa 2011 Gazawa tana ƙarƙashin Agye ne, a shekarar aka ba ta nata departama. Iyaka an raba, amma tsofaffin rajista ba sa tashi su bi mutum. Na tambaya nan aka ce can, na je can aka ce ai ku yanzu kuna da naku. Tsakanin garuruwan biyu ba nisa, amma sai da na yi sawu huɗu, biyu daga ciki da tsofaffi biyu a bayan kabu-kabu, waɗanda suka bar sana'arsu don su zo su rantse cewa mutumin da suka yi wa wanka da hannunsu ya mutu.

Da wannan ta fito, sai sunan Baba ya tashi. Baba mai sunan Manzo ne, kuma kun san yadda ake rubuta sunan nan a ƙasarmu, kowane magatakarda da nasa hannun. A katinsa na ɗan ƙasa an rubuta Mahaman. A permi an rubuta Mamane. A takardar haihuwata kuma Mahamadou. Wata mata mai gilashi ta jera takardun uku kan tebur, ta ce, "Ɗalibi, mutum uku nake gani a nan. Wanne ne ubanka?" Na ce duka. Ta ce to in je in kawo takardar da ke shaida cewa mutum ɗaya ne. Wannan ma da tambur ɗinta, da fotokopinta, da nata bencin.

Ban ce matar nan ta yi ƙarya ba. In ni ne a kujerarta, wataƙila haka zan ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya taɓa faɗa mini abubuwan da ake buƙata gaba ɗaya. Kowane tebur abu ɗaya yake sani, sai ka kawo shi sannan a gaya maka na gaba. In ka yi sa'a mai sa hannu yana nan, babu rezo. In akwai rezo, mai sa hannu ya tafi taro. "Ka dawo gobe" kuwa, ga wanda ke zaune a Maraɗi magana ce mai sauƙi. Ga wanda zai taso daga Gazawa, kusan kilomita 100 ne zuwa, 100 dawowa.

Motar kanta sai da ta ba da nata kason. An ce a kai ta bizit a duba lafiyarta, a kuma gwada lambar shasi da ta takarda. Muka gyara birki, muka sa fitilar hagu da ta shekara biyar ba ta kamawa, muka ciro igiyar ƙofa aka yi walda. Da aka zo karanta lamba, tsatsa da man inji sun cinye harufa biyu na ƙarshe. Makanike ya kwanta ƙarƙashinta da esansi da burushin ƙarfe yana gogewa, ni ina haska masa da salula, Kawu yana ta salati. Da ƙyar suka fito. Aka ba mu takardar bizit, na ji kamar na ci jarrabawa. Ban lura tana da wa'adi ba. Kafin sauran takardu su haɗu ta mutu, sai da muka sake. Haka asiransin wata uku da muka yanka, ya ƙare motar tana tsaye a ƙofar gida kaji na kwana ƙarƙashinta.

A ɗaya daga cikin ranakun nan ne wani ya same ni gindin bedi, bakin wani biro. Tsaf da shi, da jakar takardu a hammata. Ya ce ya daɗe yana ganina ina kai da kawowa. Na ba shi labari. Ya yi murmushi ya ce, "Ƙanena, kai ke wahal da kanka. Wa ya ce sai ka je Gidan Rumji? Kawo jika hamsin, jibi ka zo ka karɓi takardar sayarwa da sa hannun Alhajin, da kwanan wata tun yana da rai. Sunanka za a sa kai tsaye, ba ruwanka da zancen gado." Na ce ai an ce ya rasu. Ya ce, "Takarda ta san wanda ya mutu ne?"

Ba zan ɓoye muku ba, na karɓi lambarsa. A motar komawa na yi lissafi: abin da na riga na kashe a kuɗin mota da tambur da fotokopi ya kusa kai abin da ya nema. Na ce a raina, ai ba sata ba ce, motarmu ce, ƙarya ce kawai za a yi don a tabbatar da gaskiya. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba: tsoron zuwa Gidan Rumji nake yi. A takarda, motar nan ta ƴaƴan Alhaji ce. In na je na tuna musu, suka ce a kawo musu kayan ubansu fa? Da me zan yi musu gardama?

Na faɗa wa Inna da dare, tana tankaɗe. Ba ta daina ba har na gama. Sannan ta ce, "Wato a ɗauko hannun mutum daga kabari a sa shi ya rubuta abin da bai rubuta ba." Na ce Inna ba haka ba ne. Ta ce, "Ubanka da guminsa ya sayi motar ga. Ba a shafa mata ƙarya yanzu da ba shi. Ka tai ka gaida mutanen. In sun ce tasu ce, ka ce musu Allah na nan." Washegari ta sa aka kai tunkiyarta kasuwa, ta ba ni kuɗin hanya.

Daga Gazawa zuwa Gidan Rumji hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, babbar hanyar nan ta ƙasa mai lamba 1: Agye, Cadawa, Maraɗi, Tsibiri, sannan ka ƙara gaba, kimanin kilomita 50 daga Maraɗi. Ban san kowa a garin ba. Sunan da ke kan kart giriz kawai na riƙe, na tambayi masu shayi a tasha, aka haɗa ni da yaro ya kai ni. Babban ɗan Alhaji na tarar a zaure, magidanci mai furfura kaɗan. Muka gaisa, na yi masa ta'aziyyar da ta makara da shekaru, ya yi mini tawa. Na faɗi abin da ya kawo ni, muryata tana rawa. Ya juya takardar a hannunsa, ya ce shi lokacin yana karatun allo a gabas, bai san zancen ba. Gabana ya faɗi. Ya ce bari ya tambayi Hajiya.

Aka shigar da ni. Tsohuwa ce ƙwarai, idonta ya yi rauni, tana kan tabarma da carbi. Ɗanta ya ɗaga murya ya yi mata bayani. Ta ce, "Farar Fijo? Wadda munka sai da ma mutumin Gazawa?" Na ce ita, Hajiya. Ta ce, "Dogo, mai yawan dariya. Da kuɗinai cikin buhun gishiri ya zo. Nan ya ci tuwo." Ta tambaye ni ina yake. Na faɗa mata. Ta yi shiru, ta yi masa addu'a, ta juya wajen ɗanta ta ce, "An biya ubanka har dala ta ƙarshe. Duk abin da yaron ga ka so, ka sa mishi hannu."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Wata huɗu ina yawo da faransancina daga tebur zuwa tebur, ashe shaidar da ta rage a duniya tana nan kan tabarma, ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba.

Ba ta tsaya nan ba. Ta sa aka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, aka zazzage takardun Alhaji. Cikin rasiɗan haraji da hotunan Makka muka sami takardar duwan ta motar, ta yi ja, gara ta ci gefe ɗaya, amma lambar shasi na nan raɗau. A lokacin ban san darajarta ba. Sai da na koma Maraɗi aka ce, "Saura shaidar biyan duwan," na ciro ta na ajiye. Ranar ce kaɗai na ga mamaki a fuskar mai tebur.

Kada ku ɗauka daga nan an gama. Su ma gidan Alhaji sai da suka nemo takardar gadonsu, kuma magadansa goma sha ɗaya ne, wani yana Yamai, wani yana Kano, wata tana aure a Madawa. Mutumin nan da bai san ni ba, bai ci ko sisi a cikin lamarin ba, ya bar shagonsa sau uku saboda mu. Da na ce in biya masa kuɗin mota, ya ce in na sake faɗa zai ɓata da ni.

Wata bakwai cif abin ya ci. Motar ta rasa kasuwar rani gaba ɗaya. Inna ta sayar da tunkiya da akuya biyu. Ƙanwata da ke koleji ta koma sayar da ƙuli-ƙuli da yamma. Ni na rasa jarrabawa ɗaya, sai a zagaye na biyu na rama. Wani makanike ya yi mini lissafi ya ce abin da muka kashe da abin da muka rasa ya kai rabin kuɗin motar in da sayar da ita za a yi. Ban musa masa ba. Amma da an sayar, mai saye ma da wace takarda zai karɓa?

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Da farko ma'aikata na ɗora wa, kuma har yanzu ina ganin da a ce akwai allo guda a bakin ƙofa, an jera duk abin da ake buƙata, da faransanci da Hausa, har da ajami don tsofaffinmu, da rabin wahalar nan ba a sha ta ba, da mai jakar gindin bedi ma bai sami kasuwa ba. Jahilcinmu da gajiyarmu su ne jarinsa. Amma a kan bencin nan na ga abin da ya sa ake tsananta bincike: motocin sata suna tsallaka iyaka, ana kankare lamba, ana sayar wa bayin Allah. Wanda aka sace wa mota zai so a duba shasi da kyau. Daga baya, da nauyin baki, na yarda Baba ma yana da nasa kason. Ranar da ya sayi motar, da shi da Alhaji duk suna da rai da lafiya, aikin yini ɗaya ne da tambur guda. Ya dogara da amana, amanar kuwa ba ta ci shi ba. Abin da bai lissafa ba shi ne masu riƙe da ita mutuwa suke yi. Da Hajiya ta riga mu da wata ɗaya, ban san me zan rubuta muku yau ba.

Na san cikinmu masu rubutu a wannan ɗan littafi, da masu karanta shi, da yawa gobe su ne za su zauna bayan teburan nan. In Allah ya kai ku, wani dattijo ya zo muku da leda a naɗe, ku faɗa masa duka a zama ɗaya, da harshen da yake ji. Ku tambaye shi daga ina ya taso kafin ku ce ya dawo gobe. Ni ma na faɗa wa kaina, don ban fi ƙarfin mantawa ba.

Ranar da aka ɗaura sabuwar lamba, Kawu ya shigo Gazawa yana ta oda kamar an kawo amarya. Yara suka bi shi a guje. Na kai wa Inna takardar, ta goge hannu a zane ta karɓa, ta juya ta sama da ƙasa, ta ce in karanta mata. Na karanta sunana, a matsayin wakilin magada, da sunan Baba a bayansa, rubutu ɗaya tak wannan karon. Ta ce alhamdu lillahi, ta ce in naɗe ta a ledar nan dai ta Baba.

Na tashi zan fita, sai ta kira ni. Ta ce, "Gonar nan ta bakin hanya fa, ita ma da baki ubanka ya saye ta. Cikin waɗanda suka shaida, mutum guda ya rage, kuma an ce ba ya jin daɗi kwanan nan."

Na ajiye jakata. Washegari da sassafe, kafin in koma Maraɗi, na sayi goro da takarda fara guda biyu, na nufi gidan maigari.